Yadda ake binciken matsalar sabar rumbun bayanai ba tare da an ƙara ɓata ta ba

Da zarar an ce manhaja ta tsaya ko shafi ya ƙi buɗewa, rumbun bayanai ake fara nuna wa yatsa, kuma abin da hannu ke saurin kai wa shi ne a kashe saba a sake kunnawa. Wani lokaci hakan na kawo sauƙi na awa ɗaya ko biyu. Amma abubuwan da za su gaya maka musabbabin matsalar, wato su wa ke haɗe da sabar, wace tambaya (umarnin nema ko canza bayanai) ce ta maƙale, wa ya riƙe kulle ya ƙi saki, duk a ƙwaƙwalwarta suke. Kana kashewa sun tafi. Ka share sawun ɓarawo da hannunka ke nan, kuma gobe zai dawo. Ga shi kuma sabar da aka tayar tana farawa ne da ƙwaƙwalwa fayau, sai ta sake karanto komai daga faifai, don haka mintunan farko na iya fin na baya nauyi. Idan kuwa akwai wata babbar mu'amala, wato jerin canje-canjen da ake tabbatarwa ko sokewa a dunƙule, da ba ta kammala ba a manhajar rumbu ta MySQL, sai InnoDB, injin da ke ajiye teburanta, ya warware ta layi bayan layi, abin da kan ɗauki lokaci mai tsawo.

Saboda haka tsarin da nake bi, kuma nake ba da shawara a kai, shi ne a fara daga waje a shigo ciki: haɗi, sannan kundin rahoto da faifai, sannan mutanen da ke ciki, sannan tambayoyi, sai a ƙarshe saituna. Misalan nan na PostgreSQL ne da MySQL a kan Linux, kuma mafi yawan na MySQL suna aiki a MariaDB. Mai kula da SQL Server ko Oracle zai ga umarnin sun bambanta, amma jerin matakan ɗaya ne.

Tambayoyi uku kafin ka buɗe komai

Yaushe abin ya fara? Kowa ya shafa ko wani sashe? Me ya canza? Ta ukun ita ce mai nauyi. Saba ba ta cika lalacewa haka kawai ba. Ko dai an saka sabon sigar manhaja, ko an ƙara ginshiƙi a tebur, ko wani rahoton ƙarshen wata ya fara gudu, ko an sauya kalmar sirri. Ka buɗe fayil ka riƙa rubuta kowane umarni da ka bayar da lokacinsa. Cikin ruɗani mutum kan manta abin da ya taɓa minti goma da suka wuce, kuma idan ku biyu ne kuke gyara, ku amince cewa mutum ɗaya ne kawai zai riƙa canza abu.

Mataki na ɗaya: tana raye, kuma ana iya kai mata?

A kan na'urar kanta, ka duba da `systemctl status postgresql` ko `systemctl status mysql`, sannan `pg_isready` ko `mysqladmin ping`. Daga nan `ss -ltnp` zai nuna maka ƙofofin da ake sauraro a kansu. PostgreSQL tana zama a 5432, MySQL a 3306, SQL Server a 1433, Oracle a 1521, sai dai in an sauya.

Ka karanta saƙon kuskuren da kyau, domin shi ne rabin amsa. Idan ya ce `Connection refused`, ka kai ga na'urar, amma babu mai sauraro a ƙofar: ko sabar ta mutu, ko tana sauraron cikin gida kawai. PostgreSQL tana zuwa ne da `listen_addresses` a kan `localhost`, kuma canza shi na buƙatar sake tayar da ita. A MySQL `bind-address` ne ke wannan aikin. Idan kuwa haɗin ya yi ta jira har ya ce lokaci ya ƙare, to mafi yawanci katangar tsaro ce ke haɗiye saƙon a hanya, ba laifin rumbun ba ne.

Idan ka kai amma aka ƙi ka, magana ta koma kan izini. A PostgreSQL fayil ɗin `pg_hba.conf` ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa, kuma layin farko da ya dace da kai shi ke yanke hukunci. Wanda ka ƙara a ƙasa ba zai yi amfani ba in akwai wanda ya riga shi a sama. Bayan gyara, `SELECT pg_reload_conf();` ya wadatar. A MySQL, kuskure mai lamba 1045 yakan fito daga abu ɗaya da ke rikita sababbi: `'ali'@'localhost'` da `'ali'@'%'` asusu biyu ne daban, kowanne da kalmar sirrinsa da izininsa. Haka kuma rubuta `localhost` na sa a bi ta fayil ɗin soket, yayin da `127.0.0.1` ke bi ta hanyar sadarwa.

Mataki na biyu: kundin rahoto, sannan faifai

A Debian da Ubuntu, rahoton PostgreSQL yana `/var/log/postgresql/`. A MySQL, `SHOW VARIABLES LIKE 'log_error';` zai faɗa maka inda nata yake. Kada ka tsaya a layin ƙarshe. Ka koma daidai lokacin da aka ce abin ya fara, ka nemi kuskuren farko, domin waɗanda suka biyo baya galibi 'ya'yansa ne.

Idan ka ga an rubuta cewa an kashe wani aiki da `signal 9`, ka duba `dmesg -T`. Linux, in ƙwaƙwalwa ta ƙare mata, tana zaɓen aikin da ya fi ci ta kashe, kuma rumbun bayanai ne ya fi kowa ci. Wannan alama ce ta cewa saitunan ƙwaƙwalwa sun wuce ƙarfin na'urar, za mu zo kansu.

Sai faifai. `df -h` na nuna sarari, `df -i` na nuna ko adadin fayilolin da faifan zai iya ɗauka ya cika, domin faifai na iya ƙin karɓar rubutu alhali da sauran sarari. Cikar faifai na cikin manyan abubuwan da ke kayar da saba, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, don haka zan ɗan tsaya.

Mutum ya ga faifai ya cika, ya bincika ya ga jakar `pg_wal` ta kumbura, sai ya ɗauka tarkace ne ya goge. Kada ka kuskura. A cikinta ne PostgreSQL ke rubuta kowane canji kafin ta kai shi ga ainihin fayilolin tebur, kuma da ita take farfaɗowa bayan faɗuwa. Kafin siga ta 10, wadda ta fito a 2017, sunan jakar `pg_xlog`, kuma ɗaya daga cikin dalilan sauya sunan shi ne yadda mutane ke ɗaukar ta a matsayin rahoton banza suna gogewa. Abin tambaya shi ne me ya hana sabar share tsofaffin da kanta. Dalilai biyu ne suka fi yawa. Na farko, umarnin `archive_command` da ke kwashe fayilolin zuwa ma'ajiya yana faɗuwa, ita kuma ba za ta jefar da abin da ba a kwashe ba. `pg_stat_archiver` zai nuna maka. Na biyu, akwai gurbin kwafi (replication slot) da aka buɗe wa wata sabar rakiya, wato mai riƙe kwafin babbar sabar, wadda ta mutu ko aka daina amfani da ita, babbar sabar kuma tana ta tara mata kaya tana jiran dawowarta:

```
SELECT slot_name, active,
       pg_size_pretty(pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), restart_lsn)) AS tari
FROM pg_replication_slots;
```

Idan ka ga gurbin da `active` ɗinsa ke cewa `f` kuma tarinsa ya kai gigabait da dama, ka tabbatar da cewa babu mai buƙatarsa, sannan ka cire shi da `pg_drop_replication_slot`. Daga siga ta 13 akwai `max_slot_wal_keep_size` da ke sa iyaka ga wannan tarin, kuma ina ganin ya kamata duk mai amfani da gurbin kwafi ya saita shi.

A MySQL takwaran wannan shi ne fayilolin binlog. Su ma ba a goge su da `rm`. Ana cewa `PURGE BINARY LOGS BEFORE` tare da kwanan wata, bayan an tabbatar sabobin rakiya sun wuce wurin. A MySQL 8.0 suna ƙarewa da kansu bayan kwana 30, wanda ya yi yawa ga ƙaramin faifai mai yawan rubutu.

Idan sabar ta riga ta faɗi saboda cikar faifai, ka nemi sarari daga wani wuri: tsofaffin rahotanni, tsofaffin ajiyoyi da ka riga ka kwafa waje, ko ka faɗaɗa faifan. In ka goge babban fayil amma sararin bai dawo ba, wani aiki ne ke riƙe da shi a buɗe. `lsof +L1` zai tona shi.

Mataki na uku: su wa ke ciki, kuma wa ke jiran wa?

Idan sabar na raye, faifai da sarari, amma komai na jan ƙafa, ka shiga ka ga mutanen ciki. In ta ce maka `too many clients already`, ko lamba 1040 a MySQL, ƙofa ta cika. PostgreSQL na karɓar haɗi 100 ne in ba a canza ba, MySQL 151. Dukansu suna keɓe wa babban mai kula wuri, uku a PostgreSQL, ɗaya a MySQL, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka bari manhaja ta riƙa shiga da asusun babban mai kula: ranar da aka cika, ita za ta cinye kujerar da aka ajiye maka. Da ka shiga PostgreSQL, wannan tambayar za ta nuna maka su wa ke ciki da wa ke tare wa:

```
SELECT pid, usename, state, wait_event_type,
       now() - xact_start AS tsawo,
       pg_blocking_pids(pid) AS masu_tarewa,
       left(query, 80) AS tambaya
FROM pg_stat_activity
WHERE state <> 'idle'
ORDER BY xact_start;
```

A MySQL, `SHOW FULL PROCESSLIST;` da `SELECT * FROM sys.innodb_lock_waits;` su ke ba da irin wannan hoton. Ka adana sakamakon a fayil ɗinka kafin ka yi komai.

Ga abin da ake yawan tararwa. Layuka tamanin duk suna jiran kulle, kowanne na nuna lambar wani a ginshiƙin masu tarewa. Ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga wanda ba ya jiran kowa. Sau da yawa za ka ga matsayinsa `idle in transaction`, tsawonsa minti arba'in: wani ya buɗe mu'amala, ya canza layi, bai ce `COMMIT` ba, ya tashi ya bar allon, ko kuma manhaja ta yi tuntuɓe ta manta da rufewa. Shi ba ya aikin komai, amma kowa na bayansa.

Akwai wani salo da ya fi wannan ban mamaki. Wani dogon rahoto na karanta teburin `oda`. Sai mai gyara ya ce `ALTER TABLE oda ADD COLUMN`, aikin da ba zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ba. Amma yana buƙatar kulle teburin gaba ɗaya, don haka sai ya tsaya jiran rahoton ya gama. Duk wanda ya zo bayansa, har mai karanta layi ɗaya tak, sai ya shiga sahu a bayan mai gyaran. Cikin minti biyu haɗi ya cika, manhaja ta tsaya, alhali babu abin da ya lalace. A MySQL za ka ga `Waiting for table metadata lock`. Maganinsa tun farko shi ne, kafin kowane canjin tsarin tebur a PostgreSQL, ka ce `SET lock_timeout = '3s';` domin in bai samu kulle ba ya haƙura ya fita, ka sake gwadawa daga baya.

Wajen cire mai tarewa, ka fara da lallami. `pg_cancel_backend` na tsayar da tambayar da ke gudu ya bar haɗin. `pg_terminate_backend` na yanke haɗin gaba ɗaya, kuma shi ne ke aiki a kan wanda ya yi zaman dirshan cikin mu'amala, tunda ba shi da tambayar da za a tsayar. A MySQL, `KILL QUERY` da `KILL`. Kada ka yi wa aikin PostgreSQL `kill -9` daga Linux. Uwar ayyukan za ta ɗauka ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kai ta gurɓata, sai ta kori kowa ta shiga farfaɗowa. Kuma kafin ka yanke mu'amalar InnoDB da ta daɗe tana rubutu, ka duba `trx_rows_modified` a `information_schema.innodb_trx`, in miliyoyi ne, warwarewar na iya fin jiran ta gama tsawo. Domin gaba, `idle_in_transaction_session_timeout` zai riƙa sallamar masu irin wannan zaman da kansa.

Sarƙewar kulle, inda biyu kowanne ke jiran ɗan'uwansa, ba ta buƙatar hannunka a lokacin, domin sabar na gano ta ta soke ɗaya; lambarta 1213 a MySQL, kuma `SHOW ENGINE INNODB STATUS` na ajiye bayanin ta ƙarshe. Gyaranta a manhaja yake: a riƙa taɓa layuka bisa jeri ɗaya, mu'amala ta zama gajera, kuma a sake gwadawa in an soke.

Game da cikar haɗi, ɗaga `max_connections` zuwa dubu ba magani ba ne, musamman a PostgreSQL inda kowane haɗi aiki ne mai zaman kansa da ƙwaƙwalwarsa. A sa mai tattara haɗi a tsakani, PgBouncer ko ProxySQL, ya riƙa raba 'yan kaɗan ga masu yawa.

Mataki na huɗu: tambaya mai nauyi

In babu mai tare kowa amma injin na huci, to wata tambaya ce ke cin ƙarfinsa. Kada ka yi hasashe. A PostgreSQL ka saita `log_min_duration_statement` zuwa 500, wato rabin daƙiƙa, kuma ka kunna `pg_stat_statements`. A MySQL ka kunna `slow_query_log`, ka sauko da `long_query_time` daga daƙiƙa 10 da yake zuwa da su zuwa ɗaya ko ƙasa. Wajen dubawa ka jera bisa jimillar lokaci, ba bisa wadda ta fi daɗewa sau ɗaya ba. Tambaya mai ɗaukar kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, in ana yin ta sau dubbai a minti, ta fi rahoton minti biyu da ake yi sau ɗaya a rana cutarwa.

Da ka kama ta, ka sa `EXPLAIN` a gabanta ka ga hanyar da sabar ke shirin bi. `EXPLAIN ANALYZE` kuwa gudanar da tambayar yake da gaske, don haka in `UPDATE` ce ko `DELETE` a PostgreSQL, ka rufe ta tsakanin `BEGIN` da `ROLLBACK`. Abu biyu za ka nema. Na farko, `Seq Scan` a kan babban tebur, ko `ALL` a ginshiƙin `type` na MySQL, wato ana karanta teburin daga farko har ƙarshe don neman layuka kaɗan. A ƙaramin tebur wannan ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sauri. Na biyu, tazara tsakanin adadin layukan da sabar ta zata da wanda ta samu. In ta zaci 12 ta samu 400,000, ƙididdigarta ta tsufa, kuma `ANALYZE` a kan teburin na iya gyara komai ba tare da ka ƙara wani abu ba.

In fihirisa ce babu, wato jerin da ke taimaka wa saba gano layi ba tare da karanta tebur duka ba, ka gina ta bisa yadda ake tambaya. Ga `WHERE kwastoma_id = 42 AND rana >= '2024-01-01'`, fihirisa ɗaya a kan `kwastoma_id, rana` ita ce daidai, da ginshiƙin daidaito a gaba, na zango a baya. Juya su na rage amfaninta ƙwarai. Akwai kuma inda fihirisar na nan amma ba a bi ta kanta: `WHERE lower(imel) = ...` ba za ta yi amfani da fihirisar `imel` ba sai an gina ta a kan `lower(imel)`, haka nan `LIKE '%musa'` mai farawa da alamar kashi. Wani abin da ake mantawa: InnoDB na gina fihirisa da kanta a kan ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur, PostgreSQL ba ta yi. Shi ya sa goge layi ɗaya daga teburin kwastomomi kan ɗauki lokaci, domin sai an laluba teburin oda kaf.

A sabar PostgreSQL da ake aiki da ita, ka yi amfani da `CREATE INDEX CONCURRENTLY` don kada rubutu ya tsaya. In ya faɗi a tsakiya yana barin fihirisa marar inganci da sai ka cire da hannu. Kuma kada ka bi kowane ginshiƙi da fihirisa: kowacce sai an sabunta ta a duk rubutu.

Mataki na biyar: saituna

Na bar su a ƙarshe da gangan, domin nan ne mutane ke son farawa, kuma nan ne amsar ba ta cika kasancewa ba. Biyu ko uku ne ke da tasiri sosai. `shared_buffers` da `innodb_buffer_pool_size` duk suna zuwa ne da megabait 128, wanda ya yi kaɗan ga kowace sabar kirki. A PostgreSQL ana farawa da kusan kashi 25 cikin ɗari na ƙwaƙwalwa, a bar wa Linux sauran ta riƙe fayiloli. A MySQL, in na'urar tata ce ita kaɗai, ana iya ba ta daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu. Mai haɗarin shi ne `work_mem` na PostgreSQL, wanda ke zuwa da megabait 4. Ba na sabar gaba ɗaya ba ne, na kowane aikin jerawa ne a cikin kowace tambaya. In ka mai da shi 64, haɗi ɗari kowanne da jerawa ɗaya sun haura gigabait shida, kuma daga nan ne Linux ke fara kisa. Ka ɗaga shi ga asusun rahoto kaɗai. Abu ɗaya za ka canza a lokaci ɗaya, ka auna, ka rubuta.

Sharar da ba a gani

PostgreSQL ba ta goge layi nan take in an canza shi ko an cire. Tana barin tsohon har sai `autovacuum` ya zo ya kwashe. Wasu kan kashe shi don sun ga yana cin faifai. Wannan kuskure ne babba. Tebur zai kumbura, tambayoyi su yi nauyi, sannan akwai abin da ya fi haka: lambobin mu'amala suna da iyaka, kusan biliyan 2 ake iya amfani da su kafin su zagayo, kuma in aka kusa iyakar ba a yi shara ba, sabar za ta daina karɓar rubutu don ta kare bayanan. `SELECT datname, age(datfrozenxid) FROM pg_database;` na nuna inda kake. Daga miliyan 200 sabar ke tilasta shara da kanta. In ka ga lambar ta wuce haka da nisa tana ta hawa, wani abu na hana sharar aiki, kuma galibi tsohuwar mu'amala ce a buɗe ko gurbin kwafi da aka manta.

A manyan tebura, ka sa sharar ta riƙa zuwa da wuri. Bisa saitin asali tana jiran kashi 20 cikin ɗari na layuka su mutu, wanda a tebur mai layi miliyan 100 ke nufin miliyan 20. Ka rage `autovacuum_vacuum_scale_factor` a kan wannan teburin zuwa 0.02. `VACUUM FULL` kuwa yana kulle teburin ruf har ya gama, kuma yana buƙatar sararin da zai sake rubuta shi, don haka ba abin yi ba ne da rana tsaka ko a faifan da ya kusa cika.

Ajiyar ko-ta-kwana

Sabar rakiya ba ajiya ba ce. In wani ya ce `DELETE` ya manta `WHERE`, cikin daƙiƙa ita ma za ta goge nata. Kwafe jakar bayanai da `cp` alhali sabar na gudu shi ma ba ajiya ba ne, domin fayilolin na canzawa ana cikin kwafa.

Ga ƙaramin rumbu, `pg_dump -Fc` ya isa, amma ba ya ɗaukar asusu da kalmomin sirri. Sai ka haɗa da `pg_dumpall --globals-only`. A MySQL, `mysqldump --single-transaction --routines --events`, kuma ka sani cewa daidaiton da zaɓin farko ke bayarwa na teburan InnoDB ne kawai, ban da MyISAM. In rumbun ya girma, ko ba za ka iya jure asarar aikin yini guda ba, ka koma ga ajiyar fayiloli da `pg_basebackup`, pgBackRest ko Percona XtraBackup, tare da adana fayilolin `pg_wal` ko binlog. Da su ne za ka iya mayar da rumbun zuwa minti ɗaya kafin ɓarnar, ta hanyar `recovery_target_time` ko `mysqlbinlog --stop-datetime`. Kwafi ɗaya aƙalla ya zauna a wata na'ura da wannan sabar ba ta da ikon gogewa.

Sannan ka gwada mayarwa. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge jakar bayanan babbar sabarsu yana zaton ta rakiya ce. Da suka koma ga ajiya, sai suka tarar `pg_dump` ya daɗe yana faɗuwa, saboda na siga 9.2 ne ake gudanarwa a kan saba 9.6, kuma saƙonnin gargaɗin ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafin faifai ne da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, kuma bayanan waɗannan awanni sun salwanta. Su da kansu suka wallafa bayanin dalla-dalla. Abin da za ka yi shi ne, duk wata, ka ɗauki ajiyar jiya ka zuba a wata na'ura, ka ƙirga layukan manyan tebura, ka duba ranar layin ƙarshe, ka haɗa manhajar gwaji da ita, ka kuma rubuta tsawon lokacin da mayarwar ta ɗauka. Wannan lambar ce za a tambaye ka ranar da abu ya faru. Gargaɗinka kuma ya zama na rashin sabuwar ajiya cikin awa 24, ba na faɗuwar umarni kawai ba, domin umarnin da bai tashi ba sam ba ya aiko da kuskure.

Izini da sabuntawa ba sa buƙatar dogon bayani. Kowace manhaja da asusunta, da iya izinin da take buƙata. Kada ƙofar rumbu ta fuskanci intanet kai tsaye. Ƙananan sabuntawa a riƙa saka su a kan kari. PostgreSQL na tallafa wa kowace babbar siga shekara 5, MySQL 5.7 kuwa ta daina samun gyara tun Oktoba 2023.

In bayanan ne suka lalace

Idan rahoto ya fara maganar `invalid page`, ko rashin daidaiton lissafin shafi, ko InnoDB ta ƙi tashi, ka tsayar da sabar, ka kwafe jakar bayanan gaba ɗaya zuwa wani faifai, kuma duk gwajin da za ka yi ka yi shi a kan kwafin. In kana da ajiya mai kyau, mayar da ita ya fi kowane gyara. In babu, a MySQL ka sa `innodb_force_recovery` a 1, ka ga ko za ta tashi, ka ƙara ɗaya ɗaya. Daga 4 zuwa 6 yana iya lalata fayilolin har abada. Da ta tashi, ka fitar da komai da `mysqldump`, ka zuba a sabuwar saba, kada ka ci gaba da aiki a kan tsohuwar. A PostgreSQL, `pg_resetwal` na iya sa ta tashi, amma yana jefar da canje-canjen da ba su isa tebur ba, don haka bayansa ma fitarwa ake yi a sake zubawa, a bi manyan tebura a tantance.

Kafin ka mayar da komai kan wannan na'urar, ka duba lafiyar faifan da `smartctl -a`, ka nemi kurakuran karatu da rubutu a `dmesg`, ka gwada ƙwaƙwalwar, kuma ka tabbatar babu wanda ya kashe `fsync` ko ya sauya `innodb_flush_log_at_trx_commit` daga 1 don neman sauri.